Mage Mai Tsoro: Yadda Gidajen Reno Ke Sayen Yardarta Da Kwali Da Haƙuri

A watan Fabrairun 2011 aka kai wani muzuru mai suna Larry gida mai lamba 10 a titin Downing da ke Landan, mazaunin firaministan Birtaniya, aka ba shi aikin kama ɓeraye. Tun daga David Cameron ya ga firaministoci da dama sun zo sun wuce, shi kuwa sai ya miƙe ƙafa a bakin ƙofa gaban 'yan jarida da kyamarorinsu, ko a jikinsa. Kafin wannan ɗaukaka Larry ɗan titi ne. Tsintarsa aka yi yana gararamba, aka kai shi Battersea, gidan renon karnuka da maguna marasa galihu da ke kudancin Landan.

Irin su Larry ba sa daɗewa a gidan reno. Magen da ke zuwa gaban keji tana kuka tana goga kai, ita mai neman abin riƙo zai fara nunawa ya ce ita yake so. Wadda ke ba ma'aikata aiki ita ce wadda sai ka sunkuya kafin ka gan ta. Ta cusa kanta can ƙuryar keji, wani lokaci ma a cikin kaskon yashin da aka ajiye mata don bahaya, ta matse ƙafafu ƙarƙashin ciki, ta naɗe jela a jiki. Kunnuwa sun kwanta, baƙin ido ya buɗe har ya kusa cinye idon, numfashi sama-sama. Abincin jiya yana nan yadda aka zuba shi. Ka miƙa hannu, ko dai ta sandare, ko ta wangale baki ta yi huci ta kawo yakushi. Wata kuma sai ta rufe ido ta yi barcin ƙarya, alhali kowace gaɓa ta jikinta a ɗaure take.

Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa gidan na Battersea a 1860, domin karnuka. A 1883 ya fara karɓar maguna. Ƙungiyar Cats Protection ta Birtaniya ta zo a 1927, ASPCA ta Amurka kuwa tun 1866 take. Duk da wannan tsawon tarihi, an daɗe ana riƙon mage a gidajen reno tamkar ƙaramin kare: kejin ƙarfe a jere, fitila a kunne, haushin karnuka a ɗaki na gaba. A gidaje da yawa na Amurka, magen da ta yi huci ranar da aka kawo ta sai a rubuta cewa 'yar daji ce, ba za ta riƙu ba, a yi mata allurar mutuwa. Da yawansu kuwa magunan gida ne da suka ɓata, tsoro ne kawai ya rufe musu ido. Sai a 'yan shekarun baya-bayan nan ne bincike ya tilasta wa masu wannan aiki suka sake lale.

Tsoron da aka gada

Kakar magen gida ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yau akwai ta a dazuzzukan yankin Sahel. Ba a garke take rayuwa ba. Ita kaɗai take farauta, kuma kamar yadda take kama ɓera da tsuntsu, haka ita ma akwai manyan namun daji masu neman ta. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da mage kusa da juna, wato zaman ya daɗe, amma bai goge wannan hali ba. Kare idan ya firgita yakan nemi na kusa da shi ya laɓe a jikinsa. Mage idan ta firgita wuri take nema: rami, saman katanga, bayan buhu. Amincinta yana ga wurin da ta sani, wanda ta bi ta goga masa kumatu ta bar warinta a kowace kusurwa.

To, gidan reno kuwa duk wannan yake ƙwace mata a rana ɗaya. An saka ta a akwati, an jefa a mota, an fito da ita a hannun baƙo, an yi mata allura, an rufe ta a wurin da babu warinta sai na maganin wanke ƙasa da na maguna hamsin da ba ta sani ba. Kunnenta yana jin sautin da ya kai kilohaz 60 da ɗoriya, na mutum kuwa a wajen 20 yake tsayawa, saboda haka ƙarar ƙofar ƙarfe da kwanon da ya faɗi ba yadda muke jin su take jin su ba. Ga shi babu inda za ta gudu. Abin ya yi kama da amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, sannan aka cire mata ƙofar ɗaki aka ce kowa ya zo ya gani.

Amma me ya sa wata ke warwarewa cikin kwana biyu, wata kuma ta yi wata uku a ƙurya? Amsar farko ta fito daga aikin Eileen Karsh, wata masaniyar halayyar dabbobi a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, a shekarun 1980. Ta gano cewa akwai wata 'yar taga a rayuwar ɗan mage, daga mako na biyu zuwa na bakwai da haihuwa. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani yakan tashi yana ɗaukar mutum a matsayin nasa. Wanda tagar ta rufe bai san hannun mutum ba, to da wuya ya saki jiki yadda na farkon zai yi. Ta kuma lura cewa minti arba'in a rana ya fi minti goma sha biyar tasiri. A 1995 Sandra McCune ta ƙara wani abin mamaki a Ingila: 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi 'ya'yan muzuru mai gudun mutane sakin jiki, alhali ba su taɓa ganin uban nasu ba. Ashe ƙarfin hali ma ana gadonsa.

Shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci ranar farko. Maguna uku za su iya yin huci iri ɗaya: magen gida da aka raba da tsohuwar da ta rene ta, da 'yar titi da ta ɗan san mutane daga nesa, da wadda aka haifa a kango ba ta taɓa jin hannu ba. ASPCA ta tsara wani ma'auni da ake bi cikin kwana uku, ana duba ƙananan alamu: ko ta lumshe ido da aka yi mata magana, ko ta miƙo hanci ta sansana sanda, ko ta ɗaga jela, ko ta yi gyaran jiki a gaban mutum. Ta farkon takan tona asirin kanta kafin kwana ukun su cika.

Kada a ɗauka tausayi kaɗai ke sa a damu da wannan tsoro. Yana kisa. Maguna da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar murar maguna a ɓoye a jikinsu tun suna ƙanana, kuma firgici ne ke tayar da ita. Garkuwar jiki ta yi rauni, sai atishawa, sai ido ya kumbura, hanci ya toshe. Mage kuwa da hanci take cin abinci: in ba ta ji ƙamshi ba, ba za ta ci ba. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta ya hana ta aiki, kuma wannan ciwo yana kaiwa ga mutuwa. Daga ƙurya zuwa mura, daga mura zuwa ƙin abinci, hanya ce da kowane likitan gidan reno ya sani.

Kwali

Maganin farko ba ya buƙatar likita, kuma a bola ma ana samunsa. A 2014 Claudia Vinke da abokan aikinta na Jami'ar Utrecht da ke Holan suka ɗauki maguna 19 da aka kawo sabbi wani gidan reno. Goma aka saka musu kwali a keji domin su ɓuya, tara aka bar su haka. Suka riƙa auna su har kwana 14 da wani ma'auni mai hawa bakwai da masu bincike Kessler da Turner suka fitar a 1997, inda hawa na ɗaya ke nufin mage ta baje a kwance, na bakwai kuma ta gama firgita. Masu kwali a rana ta uku hankalinsu ya kwanta. Marasa kwali sai da suka kai mako biyu kafin su iso inda waɗancan suka tsaya. Abin ban tausayi ma shi ne yadda marasa kwalin suka riƙa ƙoƙarin laɓewa a bayan kaskon yashinsu, tunda shi kaɗai ne abin da ke cikin kejin.

Shekaru da yawa masu gidajen reno suna ƙin saka kwali, kuma hujjarsu ba ta wauta ba ce: idan mage ta ɓuya, wa zai gan ta balle ya ɗauka? Sai dai abin ya zo musu a juye. Magen da ta tabbatar tana da inda za ta koma ita ce ke samun ƙarfin halin leƙowa. Wadda aka hana maɓoya, duk hankalinta yana kan neman maɓoyar, ba ta da sauran natsuwar da za ta kalli mutum. Yanzu a gidajen da suka waye, ana juya bakin kwalin ya kalli gefe, a shimfiɗa tsumma a ciki, a rataya tawul ya rufe rabin ƙofar keji. Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: ba a zura hannu cikin kwalin a jawo ta. Ranar da aka yi haka, kwalin ya tashi daga aiki.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, likita Kate Hurley da tawagarta sun yaɗa wata dabara mai sauƙi: a huda bango tsakanin keji biyu a mayar da su ɗaya, kaskon bahaya a ɗaya gefen, abinci da wurin kwana a ɗayan. Mai shara zai gyara wannan ɓangare mage na wancan, ba sai an kama ta ba. Har wankin ma an rage. Da, kullum sai an fito da mage an wanke keji tas da magani, wato kullum sai an goge ɗan warin da ta wahala ta shafa cikin dare. Yanzu inda ya ɓaci kawai ake gogewa, tsumman kwanciyarta kuma a bar mata shi. Mutum ɗaya, lokaci ɗaya, tsari ɗaya kowace rana. Magen da ta san abin da zai faru da ƙarfe takwas na safe ta rage abin tsoro ɗaya.

Hannu

A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Mutum ya ga halitta tana rawar jiki, zuciyarsa ta karye, sai ya ɗauke ta ya rungume, yana cewa ai in ta ga ba a cutar da ita za ta saba. Mage ta yi ta mutsu-mutsu, can sai ta yi laƙwas. Shi a ganinsa ta yarda. Ba yarda ba ce, ta gane cewa ƙoƙarinta ba shi da amfani ne, ta sallama. Gobe in ta ji takunsa za ta ƙara nutsewa cikin ƙurya, ko kuma ta daina gargaɗi da huci ta wuce kai tsaye ga cizo. Huci ba rashin kunya ba ne, roƙo ne a ja baya, kuma wanda ya ja baya ya koya mata cewa maganarta tana da amfani.

Abin da 'yan sa-kai ke yi a makon farko, in ka gani, sai ka ce zaman banza suke yi. Mutum zai shigo a hankali, ya zauna a ƙasa, ya ba kejin gefen jikinsa, ba ya kallon magen, ba ya kiranta. Wani littafi zai buɗe ya riƙa karantawa da murya ƙasa-ƙasa na minti goma, ya tashi ya tafi. A gundumar Berks ta jihar Fensilbeniya, wani gidan reno ya fara gayyatar 'yan makaranta a 2013 su zo su riƙa yi wa maguna karatu: yaro ya gyara karatunsa gaban mai sauraron da ba zai yi masa dariya ba, mage kuma ta saba da muryar mutumin da ba ya neman komai a wurinta. Darasin farko ke nan da ake son ta koya, cewa mutum yana iya zuwa ya tafi ba abin da ya same ta.

Darasi na biyu shi ne zuwan mutum yana tafe da alheri. Ana ajiye ɗan abin kwaɗayi mai ƙarfin ƙamshi, kamar kifin gwangwani ko dafaffiyar kaza da ba gishiri ba albasa, a bakin kwali, a fita. Da farko sai dare ya raba za ta ci. Bayan kwanaki ta ci mutum yana bakin ƙofa. Sannan yana zaune taku uku daga gare ta. Sannan a lakato a kan cokali mai dogon hannu a miƙa. Duk wanda ya taɓa yin wannan ya san yadda abin yake: wuya ya miƙo, ƙafafun baya suna nan a cikin kwali a shirye, harshe ya lasa sau biyu, ido na kan fuskarka, sai ta koma. Kada ka bi ta da cokalin. In ta ƙi ci a yau abin da ta ci jiya, an yi gaggawa ne, sai a koma matakin baya. Wasu magunan kuma ba ta ciki ake kama su ba, ta wasa ne. Gashin tsuntsu a ɗaure a bakin sanda, ana jan sa a ƙasa yana nesa da ita, yakan tayar da maharbin da ke cikinta har ta manta da tsoro na ɗan lokaci.

Ido ma yana da nasa aiki. A wurin maguna, zuba ido ba ƙiftawa neman faɗa ne. A 2020 Tasmin Humphrey da Karen McComb na Jami'ar Sussex suka gwada abin da masu maguna suka daɗe suna faɗa: idan mutum ya lumshe ido a hankali ya buɗe, mage takan mayar masa, kuma ta fi kusantar hannun baƙon da ya yi mata haka a kan wanda ya tsaya da fuska a sake. A wani binciken da suka yi a gidan reno, magunan da ke mayar da lumshe ido sun fi saurin samun masu ɗauka. Ba kuɗi ake biya ba, kowa yana iya gwadawa da magen unguwarsu.

To yaushe ake taɓawa? A nan masana ba su taru a kan layi ɗaya ba, kuma saɓanin yana da amfani. Nadine Gourkow ta yi aiki da maguna 139 masu firgici a wani gidan reno na Bankuba da ke Kanada, ta wallafa sakamakon a 2014. Rabinsu an riƙa shafa su a hankali ana yi musu magana, minti goma sau huɗu a rana har kwana goma. Waɗanda ke kai hari da sanda mai taushin baki aka riƙa shafa su. Waɗanda aka shafa sun fi natsuwa, sinadarin garkuwar jikinsu ya ƙaru, waɗanda ba a shafa ba kuwa sun ninka su fiye da sau biyu wajen kamuwa da mura. Wato barin mage ita kaɗai har abada ba tausayi ba ne, sakaci ne.

A ɗaya ɓangaren, Lauren Finka, wadda ta yi aiki da Battersea, ta fitar da wasu ƙa'idoji da aka gwada a kan maguna 100 a 2021. Ka miƙa hannu a hankali ka tsaya, ita za ta zo ko ta ƙi. In ta goga kai, ka shafa kumatu, ƙarƙashin haɓa da gindin kunne, wuraren da ita kanta take shafa warinta da su. Ciki da gindin jela ka bar su. Bayan daƙiƙa uku zuwa biyar ka ɗauke hannu ka gani: in ta sake turo kai, ci gaba; in ta juya, ko fatar bayanta ta motsa, ko jela ta fara kaɗawa, ko ta hau lasar hanci, an gama. Mutanen da aka koya wa wannan sun samu ƙarancin huci da yakushi, magunan kuma sun fi manne musu. A ganina babu karo tsakanin binciken biyu. Na Kanada ya nuna cewa hannu magani ne, na Landan ya nuna cewa maganin ya fi ci idan mai ciwon ce ta miƙo baki. Gidan da ke da kwana goma kacal kafin mura ta kama mage dole ya ɗan matsa; mai riƙo a gida da ke da watanni ba shi da uzurin gaggawa.

Akwai waɗanda tsoronsu ya wuce a fara da cokali, kamar waɗanda ake kwasowa da yawa daga gidan mutumin da ya tara maguna fiye da ƙarfinsa. A 2023 masu bincike a Jami'ar British Columbia suka nuna cewa irin waɗannan sun fi saurin ci gaba idan aka haɗa horon da maganin gabapentin. Likitan dabbobi ne ke rubuta shi, kuma ba ya maye gurbin zaman haƙuri, hanya kawai yake buɗewa. Kada wani ya ji haka ya buɗe akwatin maganin gidansa: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Wadda ba za ta saba ba

Gaskiyar da masu son dabbobi ba sa son ji ita ce wata magen ba za ta taɓa hawa cinya ba. Babbar da aka haifa a kango ta girma ba ta san mutum ba, tsare ta a ɗaki wata shida ana neman ta so mutane azaba ce, ko da sunan ƙauna aka yi. Manyan gidajen reno sun yarda da haka. Irin waɗannan ana kama su, a yi musu tiyatar hana haihuwa da rigakafi, a ɗan yanke tsinin kunne ɗaya don a gane an yi musu, a mayar da su inda aka same su. In wurin ba zai yiwu ba, Battersea da Cats Protection suna nema musu gonaki da bargar dawaki, inda za a ba su abinci da makwanci su kuma su yi maganin ɓeraye, ba mai neman ya shafa su. Duk Bahaushen da ya san muzurun rumbu ko na shagon hatsi ya san wannan zama: kowa ya san amfanin kowa, kowa kuma ya tsaya a matsayinsa. Ba faɗuwa ba ce a ce mage ta ƙare a haka.

Waɗanda suka saba ɗin ma, kada a sa ran za su zama kyanwar Lami ga kowa. Da yawa mutum ɗaya ko biyu suke yarda da su, baƙo na sallama su shige ƙarƙashin gado. Amma yardar tasu ta gaske ce. A 2019 Kristyn Vitale ta Jami'ar Jihar Oregon ta yi wa maguna irin gwajin da ake yi wa jarirai: a bar su a baƙon ɗaki, mai su ya fita na minti biyu ya dawo. Kimanin kashi 65 cikin ɗari hankalinsu ya kwanta da dawowarsa suka ci gaba da zagaya ɗakin, adadin da ya yi kusa da na 'ya'yan mutane.

Ranar da aka kai mage mai tsoro sabon gida, kusan komai yakan koma farko. Shi ya sa ake ba mai ɗauka tsumman da take kwana a kai, wani lokaci har da kwalin, a ce masa ya ware mata ɗaki ɗaya, ya ajiye abinci da ruwa nesa da kaskon yashi, ya hana yara bin ta, kada kuma ya bar ta ta fita waje sai bayan makonni. In ta kwana biyu ba ta ci komai ba, a kira likita. In tana ci cikin dare tana amfani da yashi, to a bar ta, tana kan hanya.

A ƙasar Hausa gidajen reno irin waɗannan ba su yaɗu ba, amma magen mai tsoro tana nan: a bayan shago, a kasuwa, a cikin silin, ko a hannun yaran da suka tsinto ta suka ɗaura mata igiya a wuya. Mun kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, don haka ba sai an koya mana cewa tana da haƙƙi ba. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake yi, da kuma wasu hatsarori da suka fi kusa da mu. Maganin sauro na feshi da maganin wanke ƙasa mai ƙarfin wari suna yi wa mage illa, a nisanta su da inda take kwana. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasashenmu, mage ma tana ɗaukarsa, haƙorinta kuma siriri ne mai shiga can ciki. Wanda magen da ba a san ta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga ko zai kumbura.

Mafi yawan wannan wahala kuwa ana iya kauce mata tun daga tushe. Duk wanda magensa ta haihu a gida, makonnin nan daga na biyu zuwa na bakwai suna hannunsa. A riƙa ɗaukar 'ya'yan a hankali kowace rana a gaban uwar, mace ta ɗauka, namiji ya ɗauka, yaro mai hankali ya ɗauka, su ji muryoyi da ƙarar kwanuka da motsin gida. Kada kuma a raba su da uwar a kyautar sai sun cika mako takwas.